Wa Ke Koyon Harshen Wa? Matsalar Sadarwa da Baƙin Sararin Samaniya a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin kimiyya wani reshe ne na rubutun zube inda marubuci kan ɗauki wani abu daga ilimin zamaninsa, ya ja shi zuwa inda ilimin bai riga ya kai ba, sa'an nan ya gina labari a kansa. Wannan reshe ba sabo ba ne ga mai karatun Hausa, domin tun a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, littafin da ya haɗa yaro Kilba da Kolin Koliyo, suka yi ta zaga sararin samaniya. Daga cikin jigogin da marubutan Turai da Amurka suka fi yawan komawa gare su a wannan fage akwai haɗuwar ɗan Adam ta farko da wata halitta mai hankali wadda ba ta wannan duniya ba.

An saba kasa irin waɗannan labarai gida biyu, wato masu mugun baƙo da masu baƙo na kirki. A ganina wannan rabo bai kai mai nazari ko'ina ba, don kuwa hali ne kawai yake aunawa, kuma marubuci na iya ba halittarsa duk halin da ya ga dama ba tare da ya sha wata wahala ba. Inda wahalar take shi ne wajen magana. Da zarar an tsayar da mutum gaban halittar da ba su haɗa kaka ba, ba su haɗa abinci ko iska ba, tilas marubuci ya yanke shawara: za su yi magana ko kuwa? In za su yi, da wane harshe, kuma wa zai ɗauki nauyin koyon na ɗan'uwansa? Wannan maƙala za ta bi amsar da H. G. Wells da Stanley Weinbaum da C. S. Lewis da Murray Leinster da Arthur C. Clarke da kuma Stanislaw Lem suka bayar tsakanin 1898 da 1961, da nufin nuna cewa a cikin amsar ne ra'ayin kowannensu game da iko da ilimi yake fitowa fili, ko da marubucin bai yi niyyar bayyana shi ba.

Za a yi amfani da kalmar baƙo a madadin irin wannan halitta. Kalmar ta dace, domin a Hausa ta ƙunshi wanda ba a sani ba da kuma wanda yake da haƙƙin a saukar da shi, kuma ba ta manne wa mutum har abada: baƙon yau shi ne mai masaukin gobe. A wasu daga cikin labaran da za a duba, ɗan Adam ne ma baƙon.

2.0 Wells: Farar Tuta da Wuta

An fara buga The War of the Worlds kashi-kashi a mujalla a 1897, ya fito a matsayin littafi a 1898. Halittun duniyar Mas sun sauka a wani fili kusa da garin Woking da ke kudancin Ingila. Ga babban yunƙurin sadarwa da aka yi a littafin: wasu mutane, cikinsu har da masanin taurari Ogilvy, suka ɗaga farar tuta suka doshi ramin da kumbon ya faɗa, da nufin nuna wa baƙin cewa su ma masu hankali ne. Nan take aka ƙone su ƙurmus da wani haske mai zafi. Daga baya an sake ƙoƙarin yi musu alama da tuta, amma ba su kula ba.

Abin lura shi ne Wells bai nuna cewa baƙin sun kasa fahimtar tutar ba. Ba su da bukatar fahimtarta ne. Mai ba da labari, wanda ya shafe kusan mako biyu a ɓoye cikin rusasshen gida yana leƙensu, ya gano cewa jinin mutane suke zuƙa su zuba a jikinsu, ya kuma haƙiƙance cewa tunani suke aika wa juna kai tsaye ba tare da sauti ba. Wanda ya ɗauke ka abinci ba zai zauna koyon gaisuwarka ba. Wells da kansa ya nuna inda ya dosa tun a babin farko, inda ya tuna wa mai karatu yadda Turawa 'yan ci-rani suka shafe mutanen tsibirin Tasmaniya cikin shekara hamsin. Ke nan ya juya madubin mulkin mallaka ne ya haska wa Ingila fuskarta a lokacin da daularta take ganiyarta. Sauti guda da baƙin suka yi wanda ya taɓa zuciyar mai ba da labari shi ne kukan da ya ji a kufan birnin Landan, sa'ad da ƙwayoyin cutar duniyarmu suke kashe su. Har wannan ma bai san ma'anarsa ba.

Kada a ɗauka Wells bai iya tunanin hira da baƙo ba ne. A The First Men in the Moon (1901), wasu halittu biyu na cikin wata, Phi-oo da Tsi-puff, sun koyi Ingilishi daga bakin masanin kimiyya Cavor. Sai dai da aka kai shi gaban sarkinsu, Cavor ya saki baki ya ba da labarin yadda mutane suke yaƙar juna, kuma ba da jimawa ba saƙonnin da yake aikowa duniya suka yanke. A wurin Wells, in ba a yi magana ba an halaka, in an yi ma asiri ya tonu.

3.0 Weinbaum da Lewis: Zaman Koyo

A watan Yuli na 1934 mujallar Wonder Stories ta buga gajeren labarin Stanley Weinbaum mai suna A Martian Odyssey. Marubucin ya rasu a ƙarshen 1935 yana da shekara 33, amma wannan labari ya sauya yadda ake siffanta baƙo. Tauraron labarin, Jarvis, jirginsa ya faɗi a duniyar Mas, ya kama hanya a ƙasa, ya ceci wata halitta mai kama da jimina wadda ya riƙa kira Tweel, suka zama abokan tafiya.

Abin da ya fi jan hankalin masanin harshe a nan shi ne rashin daidaiton koyon. Jarvis, wanda ya zo da kumbo da bindiga da taƙamar ilimi, ya kasa riƙe ko kalma ɗaya ta harshen Tweel, domin duk sa'ad da ya nuna dutse ya tambayi sunansa sai a ba shi wata kalma dabam da ta ɗazu. Tweel kuwa ya tsinci kalmomin Ingilishi 'yan ƙalilan, ya riƙa jujjuya su yana isar da tunani mai zurfi. Alal misali, ya ɗauki lissafin ɗaya da ɗaya biyu, da na biyu da biyu huɗu, waɗanda Jarvis ya nuna masa don gwada hankalinsa, ya mayar da su ma'aunin hankali: wata halitta ta iya na farko amma ba ta iya na biyu ba, wato tana da wayo amma ba mai nisa ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin al'ummar da ba ya jin harshenta ya san wannan hali, inda mai gari ke ɗaukar guntun harshenka ya yi maka hidima da shi, kai kuwa har ka bar garin ba ka wuce gaisuwa ba. Weinbaum ya kuma kawo wasu halittu masu siffar ganga, waɗanda suka kwaikwayi gaisuwar abota da Jarvis ya yi musu, suka yi ta maimaita ta har a lokacin da suke kai masa hari. Da wannan ya raba furuci da ma'ana a hanya mai sauƙi wadda ba a mantawa, kuma za mu sake cin karo da ita a wurin Lem.

C. S. Lewis ne ya fi kowa zama kan wannan batu, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da malamin adabi da harshe ne a Jami'ar Oxford. A Out of the Silent Planet (1938) ya sa tauraronsa, Ransom, ya zama masanin tarihin harsuna. Wasu mutum biyu, masanin kimiyya Weston da ɗan neman zinariya Devine, suka sace shi zuwa Malacandra, wato duniyar Mas. Da ya tsere musu ya haɗu da wata halitta mai gashi a bakin ruwa, tsoro ya kama shi, amma da ya ji sautin da take fitarwa yana da tsari irin na magana, sai tsoron ya gushe, ya fara mafarkin rubuta nahawu da ƙamus. Marubucin yana yi wa abokan sana'arsa zolaya a nan, kuma mun cancanci zolayar. Ba a daɗe ba Ransom ya gane cewa handra na nufin ƙasa, ya kuma hango wannan saiwa a cikin sunan Malacandra. Ya zauna da wannan al'umma, hrossa, makonni da dama yana koyo kamar ɗalibi. Daga baya ya gano cewa al'ummu uku masu hankali ne a duniyar, kuma harshen hrossa, waɗanda masunta ne mawaƙa, shi ne ya zama na gamayya, alhali ga séroni masu ilimin taurari da pfifltriggi masu ƙira da sassaƙa.

Ƙololuwar littafin ita ce zaman shari'a a gaban Oyarsa, mai mulkin Malacandra. Weston ya fara da kaɗa wa taron tsakiya, yana yi musu tsawa da gurɓataccen harshe irin wanda Bature ɗan mulkin mallaka kan yi wa mutanen da ya raina, har ya ɗauki wani tsoho mai gyangyaɗi a matsayin bokan gari. Da abin ya ƙi, sai ya koma Ingilishi ya yi doguwar huɗuba kan haƙƙin al'umma mai wayewa a kan wadda take ƙasa da ita, aka ɗora wa Ransom aikin tafinta. A nan ne Lewis ya yi abin da ba a taɓa yi ba a wannan fage. Harshen Malacandra ba shi da manyan ɓoyayyun sunaye irin waɗanda huɗubar ta dogara a kansu, don haka tilas tafinta ya warware kowane ɗaya ya koma jimla mai aikau da aikatau da karɓau. Taƙama da tsarin shari'a ta koma bayanin cewa muna da miyagu da yawa, muna kulle su ko mu kashe su. Taƙama da sufuri ta koma cewa mun iya ɗaukar kaya masu nauyi mu kai su nesa da sauri. Da aka zo kan ƙarshen hujjar, sai ta fito tsirara: saboda waɗannan abubuwa, ba laifi ba ne mu kashe ku duka mu gaje ƙasarku. A wasu wurare ma Ransom ya ce ya rasa yadda zai faɗi abin.

Duk wanda ya taɓa fassara jawabin hukuma zuwa Hausa ya san wannan aiki. Ɓoyayyen suna kan haɗiye wanda ya aikata da wanda aka aikata wa, kuma sau da yawa sai an zo fassara ake tambayar wa ya yi wa wa me. Lewis ya mayar da fassara ta zama awon gaskiya. Amma akwai inda nake ganin ya yi son kai. Ya ƙera harshen ne musamman don ya kunyata Weston, har ya hana shi kalmar mugunta, sai wata mai ma'anar lanƙwasasshe. Babu wani harshen ɗan Adam da aka sani wanda ba a iya yin ƙarya ko zuga da shi, kuma al'ummar da take da mawaƙa, kamar yadda ya ce hrossa suna da su, da wuya a ce ba ta san kambamawa ba. Tunanin cewa akwai wani harshe mai tsarki wanda ba ya ɗaukar yaudara ɗan'uwa ne ga tunanin Weston cewa akwai harshen da bai isa ɗaukar ilimi ba. Dukansu biyu sun ɗauki mai harshen a matsayin yaro.

Har wa yau, Lewis ya tsallake wata matsala cikin sauƙi. Halittar ta bugi ƙirjinta ta furta kalma, Ransom ya ɗauka sunan jinsinta ne, kuma ya dace. To, me ya hana kalmar ta zama sunan yanka, ko sunan ƙirji, ko gayyatar faɗa? Wannan ita ce tambayar da W. V. O. Quine ya yi a Word and Object (1960) da misalinsa na gavagai, inda mai bincike ya ji an furta kalma sa'ad da zomo ya gifta, ya rasa tabbacin ko zomon ake nufi, ko wani sashe na jikinsa, ko giftawar. Tsakanin mutum da mutum, kamancin jiki da na bukata kan rage wannan shakka. Lewis ya ba hrossa baki da hannu da ƙishirwa da al'adar miƙa wa baƙo abin sha, saboda haka rabin aikin an riga an yi wa Ransom.

4.0 Leinster: Na'ura ta Ɗauke Nauyi

First Contact na Murray Leinster ya fito a mujallar Astounding a watan Mayu na 1945, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Kumbon mutane da na baƙi suka yi kiciɓis a can nesa, a wurin da ba na kowa ba. Baƙin da igiyar rediyo suke magana, sai aka harhaɗa na'urar da ke juya saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan, kuma galibi wannan labari ake ambata in ana neman asalin na'urar fassara da ta cika finafinan kimiyya daga baya. Babu wanda ya koyi harshen wani, don ƙarfinsu ɗaya. Damuwar labarin ita ce rashin yarda: kowane ɓangare na tsoron a bi sawunsa a gano gidansa. Mafitar da aka samu ita ce musayar kumbo bayan kowa ya kwashe abin da zai tona asirinsa, aka kuma rufe da cewa wani matashi da takwaransa baƙo sun ɓata lokaci suna musayar barkwancin batsa.

Labarin yana da daɗi, amma ta fuskar harshe shi ne mafi rauni. Barkwanci shi ne abu na ƙarshe da mai koyon harshe kan kama, kuma ko tsakanin Bahaushe da Bayarabe ba kowane ne ke ƙetarawa ba. In har baƙo ya yi dariyar abin da Ba'amurke ya yi wa dariya, to Ba'amurke ne aka sauya wa fata. Marubucin Tarayyar Sobiyat Ivan Yefremov ya mayar wa Leinster martani a ƙarshen shekarun 1950 da labarinsa Cor Serpentis, inda 'yan sama jannatinsa suka tattauna labarin Leinster suka yi tir da zargin da ke cikinsa, a kan cewa duk al'ummar da ta kai ga taurari ta riga ta wuce yaƙi. Siyasarsu ta bambanta, amma shi ma baƙin nasa siffar mutane gare su, kuma fahimtar juna ba ta ba su wata wahala ba.

5.0 Clarke: Mai Mulki Ya Iya Harshenka

A Childhood's End (1953), manyan jirage suka tsaya cak a kan biranen duniya. A rana ta shida shugaban baƙin, Karellen, ya yi wa duniya jawabi ta rediyo da Ingilishi marar aibi. Daga nan suka hana yaƙi da zalunci, suka kawo wadata, amma suka ƙi nuna fuskarsu har shekara hamsin. Umurninsu ta hannun Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Stormgren, yake bi, shi kuwa a wani ɗaki yake ganawa da Karellen, ana ganinsa ba ya gani. Da wa'adi ya cika suka fito, sai ga su da fukafukai da ƙaho da wutsiya, siffar da Turawa suke zana Shaiɗan da ita.

A nan baƙo ne ya koyi harshe, kamar Tweel, amma ma'anar koyon ta juye. Tweel ya koya ne don tafiya ta yi daɗi, Karellen kuwa don ya yi mulki. Mai karatu a ƙasar nan ba ya bukatar dogon bayani, domin an san cewa jami'an mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya sai da suka riƙa zama jarrabawar Hausa, kuma ta hannun sarakuna suka tafiyar da mulki. Di'o ya ji abin da talaka ke faɗi a kasuwa, talaka kuwa bai san abin da Di'o ke rubuta wa Razdan ba. Haka abin yake a littafin Clarke: duk hirar da aka yi tsakanin mutum da baƙin da harshen mutum aka yi ta, sun san mu ciki da waje, mu kuwa sai abin da suka ga dama suka faɗa. Clarke bai ɓoye wannan kamanci ba, don ya sa ɗaya daga cikin baƙin ya kwatanta matsayinsu da na Ingilishi a Indiya. Inda nake da ja da shi shi ne yadda ya karɓi wannan tsari da natsuwa. Masu adawa da baƙin a littafin an nuna su a matsayin mutanen kirki da ba su hango nesa ba, kuma labarin bai taɓa ba su gaskiya ba.

Ƙarshen littafin ya fitar da abin da Clarke ya ɗauki harshe. Ashe baƙin ma 'yan aike ne na wani babban Hankali, an turo su su yi unguwarzoma ga 'ya'yan mutane. Yaran suka daina magana, suka daina zama ɗaiɗaiku, suka narke cikin wannan Hankali, duniya ta tarwatse. Su Karellen kuwa, da duk fasahar bakinsu, an rufe musu wannan ƙofa. Wato magana alama ce ta wanda ya tsaya a hanya. Wannan ra'ayi ya bi Clarke har gaba: baƙin dutsen da ke cikin 2001: A Space Odyssey (1968) ba ya magana, haka ma jirgin da ya ratsa ta kusa da rana a Rendezvous with Rama (1973) ya wuce abinsa bai ce da kowa uffan ba.

6.0 Lem: Tekun da Ba Shi da Abokin Magana

A daidai lokacin da Lem yake rubutu, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne cewa kimiyya da lissafi za su zama harshen gamayya na duk masu hankali. A labarin H. Beam Piper mai suna Omnilingual (1957), jadawalin sinadarai ne ya zama mabuɗin karanta rubutun wata al'ummar Mas da ta shuɗe. A 1960 kuma masanin lissafi Hans Freudenthal ya wallafa Lincos, harshen da ya tsara daga ƙidaya don aika wa taurari. Solaris, wanda ya fito da harshen Folan a 1961, ƙin amincewa ne da wannan fata tun daga tushe.

Baƙon Lem teku ne guda ɗaya wanda ya lulluɓe wata duniya mai rana biyu, ja da shuɗiya. An shafe kimanin ƙarni ana nazarinsa. An zura masa na'urori, ya riƙa sauya su yana mayar da saƙonnin da wasu suka ce lissafi ne, wasu suka ce shirme ne. Yana tayar da manyan gine-gine daga jikinsa ya sake rushe su, masana suka ba kowane iri suna, suka kasa su aji-aji, suka cika ɗakin karatu da mujalladai. Masu karatu da dama kan ƙosa da babobin da tauraron labarin, Kelvin, yake zaune yana bitar waɗannan littattafai, amma a ganina nan ne zuciyar aikin take. Lem yana nuna yadda fannin ilimi kan rayu a kan ƙirƙirar kalmomi, mazhabobi su tashi su faɗi, a yi ta gardama kan rabe-rabe, alhali ba a matsa ko taki ɗaya ba wajen sanin abin da ake nazari. Ba sai an je wata duniya ba kafin malamin jami'a ya ji wannan zungura a jikinsa.

Bayan da masu bincike suka harba wa tekun haske mai ratsa jiki, sai kowannensu ya wayi gari da baƙo a ɗakinsa, wanda aka ƙera daga abin da ya fi ɓoyewa a zuciyarsa. Na Kelvin ita ce Harey, matar da ta kashe kanta shekara goma da suka wuce bayan sun yi saɓani. Tana magana da harshensa sarai, tana kuka, tana ƙaunarsa. Ga alama an sami tafinta ke nan. Amma duk abin da ta sani daga ƙwaƙwalwar Kelvin aka ɗebo shi, ba ta ɗauke da wani saƙo daga tekun, ba ta ma san dalilin zuwanta ba. Halittun ganga na Weinbaum sun mayar wa Jarvis jimla ɗaya, tekun Lem kuwa ya mayar wa Kelvin mutum sukutum, kuma a duka biyun babu tabbacin an fahimci abin da aka maimaita. Kyauta ce, ko gwaji, ko azaba, ko kuwa wani motsi ne irin na atishawa? Littafin ya jera waɗannan zato bai zaɓi ko ɗaya ba.

Akwai hujja ta ilimin harshe da ke goyon bayan Lem. Emile Benveniste ya nuna a 1958 cewa wakilin suna na mai magana ba ya tsayuwa sai da na wanda ake yi wa magana: ba a cewa ni sai akwai kai, kuma su biyun suna musayar wuri a cikin zance. Tekun Solaris shi kaɗai ne a duniyarsa tun fil'azal. Bai taɓa samun na biyu ba, balle ya bukaci gaisuwa ko tambaya ko ƙarya. Saboda haka tambayar da muka bi ta cikin sauran labaran, wato wa zai koyi harshen wa, a nan ba ta da wurin zama, don mai yiwuwa ɗaya ɓangaren bai san akwai wani abu wai shi ɓangare ba. Wells ya ba mu baƙon da ya ƙi saurare, amma aƙalla mun san abin da yake so, tun da yunwa muka haɗa da shi. Da tekun ba mu haɗa ko da wannan ba.

Za a iya cewa Lem ma ya shirya wasan ne don ya ci, kamar Lewis, tun da shi ya ƙera baƙon da ba zai fahimtu ba. Haka ne, sai dai bambancin shi ne Lem bai ba kowa nasara ba, har da kansa. Harey, wadda aka ƙera daga tunanin wani, ta fara zama mai ra'ayin kanta, ta gane ko ita mece ce, ta kuma zaɓi a kawar da ita ba da sanin Kelvin ba. Wato halitta guda da ta koyi zama da mutum a littafin ta yi haka ne ta hanyar rabuwa da tekun da ya yi ta. A babin ƙarshe Kelvin ya sauka a kan ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen, ya miƙa hannu, igiyar ruwa ta taso ta kewaye hannun ba tare da ta taɓa shi ba, ta yi haka 'yan lokuta, sa'an nan ta daina kula shi.

Shi kansa littafin ya sha irin wahalar da yake bayani. Fassarar Ingilishi ta 1970, wadda Joanna Kilmartin da Steve Cox suka yi, daga fassarar Faransanci aka ɗauko ta, kuma a cikinta ne Harey ta koma Rheya, abokin aikin Kelvin mai suna Snaut ya koma Snow. Ita masu karatun Ingilishi suka riƙa karantawa shekara arba'in, sai a 2011 Bill Johnston ya fassara shi kai tsaye daga harshen Folan. Finafinai biyu da aka fi sani, na Andrei Tarkovsky a 1972 da na Steven Soderbergh a 2002, sun karkata ga Kelvin da matarsa, kuma Lem ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda aka tura tekun gefe aka sa soyayyar mutane a gaba.